Mai biyan kuɗin data shi ke da ta cewa a kan talla

Wasu masu shafukan labarai a nan Kaduna suna kallon mai karatun da ya sanya manhajar toshe talla tamkar ɓarawo: ya karanta labari, ya hana mai shafi na cefane. Ban yarda ba, duk da cewa a shafin labarai nake rubutu, kuma na san inda kuɗin ke fitowa.

Idan ka buɗe shafi, ba rubutun kaɗai wayarka ke saukewa ba. Tana kuma ɗebo hotuna da bidiyo daga rumbunan kamfanonin talla, tare da 'yan manhajojin da ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi. Abin da manhajar toshe talla ta uBlock Origin ke yi, wadda Raymond Hill ya fitar a 2014, shi ne ta gwada kowane adireshi da jerin adiresoshin masu talla irin su EasyList, wanda 'yan sa-kai ke sabuntawa. Wanda ke cikin jerin sai ta tare shi tun kafin ya sauka, don haka ba ya cin data. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗalibin da ke Rigasa ko Kawo yana da cikakken dalilin tambayar abin da ke cinye masa katinsa.

Sannan wane irin talla ne? Caca, masu bashin waya da ke tozarta mutum a gaban 'yan'uwansa, da maganin ƙarfin maza mai hotunan da ba za ka so mahaifinka ya leƙo ya gani ba. Mai shafin ma sau da yawa bai san abin da aka liƙa masa ba, domin kamfanin talla ne ke zaɓa ta hanyar gwanjo cikin ƙiftawar ido. Ko hukumar FBI ta Amurka, a Disambar 2022, ta shawarci jama'a su riƙa amfani da irin wannan manhaja saboda 'yan damfara da ke sayen talla da sunan kamfanonin gaske.

Google, wanda mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa, ya sauya ƙa'idojin Chrome zuwa tsarin Manifest V3, wanda ya taƙaita abin da manhajojin toshe talla za su iya yi, kuma daga 2024 ya fara kashe cikakkiyar uBlock Origin. Ya ce don tsaro ne. To, kura ce ke faɗin yadda za a gina garken awaki. A wayar Android kuwa, wadda da ita akasarinmu ke shiga intanet, Chrome ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji. Sai dai wasu manhajojin buɗe shafi irin su Firefox, ko Brave da ya zo da nasa matoshin. Su ma masu toshewar ba waliyyai ba ne: tun 2011 ɗaya daga cikinsu, Adblock Plus, ke barin wasu tallace-tallace su wuce, kuma manyan kamfanoni na biya don shiga wannan sahu.

Gyaran yana hannunmu masu shafuka. Gidajen rediyon garin nan sun daɗe suna rayuwa da sanarwar ɗan kasuwa da mai makaranta da mai ɗaurin aure. Me zai hana mai shafin Hausa ya taka zuwa Kasuwar Barci ko shagunan titin Ahmadu Bello, ya sayar da gurbin hoto guda mara nauyi da ya tantance da idonsa? Kuɗin zai shigo hannunsa kai tsaye, ba tare da dillalin waje ya yanki kasonsa ba. Shafin da ya yi haka yana da bakin roƙon mai karatu ya danna maɓallin da ke ɗage toshewar a kansa, kuma ni zan danna.