Argungu ba ta kwana huɗu ba ce

Wai har da masu rubuta "ci gaba ya zo" a ƙarƙashin hoton zauren nan da aka rushe a cikin gari don a jera shaguna. To madalla. Allah ya sanya alheri, mun samu ƙarin wurin cajin waya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutanen nan su ne za su fi kowa ɗora hotuna idan bikin kamun kifi ya matso. A share bakin gulbin Matan Fada, a shafa fenti, a kafa rumfuna, baƙi su zo su ga dubban masunta sun faɗa ruwa da gora da koma. Kwana huɗu. Baƙi na juya baya sai leda ta karɓi bakin ruwan, tsoffin gidaje kuma damina ta ci gaba da cinsu.

Jama'a, Argungu ba ta kwana huɗu ba ce. Bikin nan da muke taƙama da shi a 1934 ya soma, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Fadar da ta zama gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, kuwa tun 1831 take tsaye, ta girmi bikin da fiye da shekara ɗari. Garin ne ya haifi bikin. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, mu kuma muna rushe gidajen masu al'adar.

Na san za a ce ginin ƙasa ne, ba ya jure ruwa. Hasumiyar masallacin Agadas da siminti aka yi ta? Yaɓe ake yi mata, shi ke nan. Masu cewa babu kuɗi kuma, kuɗin fentin kwana huɗu daga ina suke fitowa?

Wallahi ba na ƙin shaguna, yaranmu na bukatar abin yi. Amma ga fili nan har ya yi yawa a hanyar Birnin Kebbi. Magina masu sanin tubali da azara tsufa suke yi, babu mai koyo a hannunsu, wannan ne ke tsorata ni.