Murhun gashi tsakanin Dilimi da Landan

A Landan, idan murhun gashin mutum ya yi tsatsa, galibi makomarsa bola. Za a loda shi a bayan mota, a kai shi wurin tara shara na ƙaramar hukuma, a jefa shi cikin tarin ƙarafa, a biya kanti a sayo sabo. Da dalili. Ladan mai walda na awa guda a nan yakan fi kuɗin ƙaramin murhu sabo dal, kuma ba ka samunsa a bakin titi, sai ka buga waya an sa maka rana. Masu gyara 'yan tsiraru ne, yawancinsu dattawan da suka yi ritaya, kuma sha'awa ce ke sa su.

A Jos wa zai yar da ƙarfe don ya yi ja? Ka ɗora shi a keke ka nufi Dilimi. Mai walda zai kifa shi, ya ƙwanƙwasa gindin da guduma, inda ya rufta ya yanke, ya jawo fallen ƙarfe daga cikin tarkacen da ke gefensa ya liƙa. Ƙafar da ta karye a yi mata sabuwa da rodi. "Alhaji, ai wannan ba aiki ba ne, ka dawo bayan la'asar." In akwai wuta, haka za a yi. A wannan fannin ban ga abin da za mu koya wurin kowa ba, kuma yana ba ni haushi in ga mutumin gida ya dawo hutu yana raina rabin duron da aka yi wa ƙafafu, wai shi sai na Weber, kamfanin murhun gashi na Amurka. Shi kansa Weber ɗin da me aka fara shi? A 1952 ne George Stephen, ma'aikacin wani kamfanin ƙira a Shikago, ya yanka ƙwallon ƙarfen da ake girkewa a kan ruwa don nuna wa jirage hanya, ya raba shi biyu, rabi ya zama gindi, rabi murfi. Tunanin maƙeran Dilimi ke nan, sai dai shi ya samu kasuwar Amurka.

Inda mutanen Landan suka yi mana nisa shi ne abin da ke biyo bayan walda. Na tsaya a kan wani dattijo maƙwabcina yana farfaɗo da nasa. Wuta ya fara hurawa a ciki don tsohon maiƙo ya ƙone. Da ya huce ya bi shi da burushin ƙarfe, sannan da samfefa, har farin ƙarfen ya leƙo. Ragar ya tsoma ta a ruwan khal, wato binega, ta kwana, da safe tsatsar na saɓulewa da ɗan yatsa. Ya ɗauraye, ya busar nan take, domin ƙarfen da aka kankare in ya sha iska da lema kafin yamma ya sake yin ja. Fenti kuwa bayan murhun kaɗai ya fesa, da irin wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure zafin digiri 600. Ciki bai taɓa ba. Ragar mai ya shafa mata siriri, ya ɗora a wuta har ya daina hayaƙi, ya maimaita, ta yi baƙi tana sheƙi. Babu abu ɗaya a nan da ya fi ƙarfin mutumin Gangare ko Unguwar Rogo. In babu khal, ruwan tsamiya mai kauri ko lemon tsami zai ci tsatsa, man gyaɗa kuma ga shi a kowane gida. Mu dai fentin ƙofa ake lafta masa ciki da waje don ya yi kyau, ranar farko ya kumbura, ya zuba warinsa a kan naman.

Sai maganar toka. A shekarun nan Babbar Sallah da damina take faɗowa, a 2024 da 2025 duk a watan Yuni aka yi ta, ruwan Jos kuwa kun san ba ya wasa. A gasa naman layya, a ja murhu gefen katanga da tokarsa a ciki, a manta da shi. Toka na riƙe lema, sai gindin murhun ya yi wata da watanni a jiƙe, shi ya sa kullum ta nan yake fara hujewa alhali jikinsa garau. Kwashe toka da kifa murhu a ƙarƙashin rumfa aikin yaro ne. Amma da yake walda araha ce, ba mu damu ba.

Wannan ma asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne raga. Ku leƙa gidajen da ake gashi ranar Sallah ku ga me ake ɗora nama a kai: ragar tsohon firji, wayar shinge, wani lokaci guntun kwanon rufi da aka hudhuda. Ragar firji wata roba aka shafa mata, wata tutiya (ƙarfen zinc da ke hana tsatsa), tsofaffi sosai har da masu kadmiyam, wanda guba ne. Wayar shinge da kwano su ma tutiya ce a jikinsu. Tutiya na narkewa a kusan digiri 420, garwashin gawayi mai kyau kuma ya wuce nan. Masu walda sun san zancen fiye da kowa, domin ranar da suka wuni a kan irin wannan ƙarfe da zazzaɓi da ciwon kai suke kwana. Duk da haka sai a ɗauko shi a yi wa mutum ragar da yaransa za su ci balangu a kai, shi bai tambaya ba, su ba su faɗa ba.

Haka duro. Wanda aka zuba man gyaɗa da wanda aka zuba maganin feshi ko fenti kamarsu ɗaya a hannun 'yan gwangwan. Na fetur kuwa ko ya daɗe a bushe yana iya tashi da mai yanka shi. Kafin a sa masa wuƙa a san me ya taɓa ɗauka, a wanke, a cika shi da ruwa, bayan an ƙera kuma a ƙone shi babu nama har tsohon fentin ya tashi.

Duk mai niyyar kai nasa gyara kafin layya, ya ce wa mai walda ya yi masa ragar da baƙin rodi siriri, ko da ƙarfen nan da ba ya tsatsa in aljihu zai ɗauka. Ya kuma bar ta a sake, kada a manne ta da jikin murhu, don a riƙa cire ta ana wankewa, a samu hanyar kwashe toka.