Kuɗin ya tsaya a Turai, tsumman ya zo Kano

Jiya na tsaya a Ƙofar Wambai ana fasa dilar gwanjo a rumfar ƙanena. Kayan saman dilar kam sai hamdala, 'yan sari har wawaso suke. Da aka isa ƙasan dila sai ga wando yagagge, riga mai tabon maiƙo, da rigar sanyi mai kaurin da ko a tsakiyar hunturu ba mai sa ta a Kano. Ya ce, "Yaya, wannan ma kuɗi na sa na saya, kuma ni zan biya mai baro ya kai bola."

Abin ya tsaya mini a rai. A Faransa tun 2007 doka ta ɗora wa kamfanonin tufafi alhakin kayansu bayan sun tsufa, suna biyan wani abu a kan kowace riga. Holan ta bi sahu a 2023, jihar Kalifoniya ta Amurka a 2024, Tarayyar Turai kuma ta amince da irin wannan doka a 2025. Madalla. To amma da kuɗin ake tattara kayan a tantance su a can, alhali rigar a nan take mutuwa, cikin kwatarmu, ta toshe magudana da damina. Hakkinmu ne wani kaso ya biyo dilar.

Kuma ba mu ne za a koya wa amfani da tsumma ba. Masu katifa da matashin kai sun daɗe suna sayen ƙyallayen teloli, kanikawa na goge baƙin mai da tsohuwar riga. Inda muka tsaya shi ne yadin da aka gauraya auduga da roba, wanda ko can raba shi ke ba su wahala. Injin tsefe tsumma ya koma zare yana son jari da wuta, ga masana'antu a rufe a Sharaɗa da Bompai.

Mu ma da namu laifin. A takarda an haramta shigo da gwanjo Najeriya, ta Kwatano yake zagayowa, to da wane baki gwamnati za ta nemi kuɗin kayan da ta ce ba sa shigowa? A halasta shi, a ƙidaya shi. Manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari masu sauke kwantena su ma a yanka musu ɗan abu a kan kowace dila, a zuba wa masu sarrafa tsumma.

Buhu biyu na tsumma ƙanena ya cika daga dila ɗaya, har na baro rumfar mai baro bai zo ba.