Ba harbo jirgin 'yan ƙwallon Zambiya aka yi ba

Har gobe wasu na cewa wai sojojin Gabon ne suka harbo jirgin tawagar Zambiya a Afrilun 1993, to gaskiya ba hujja, jita-jita ce kawai da ta samu gindin zama saboda sai 2003 rahoton bincike ya fito. Jirgin sojan saman Zambiya ne, za su Dakar buga wasa da Senegal, tashinsu daga Libreville, babban birnin Gabon, ke da wuya injin hagu ya kama wuta, matuƙin kuma a gajiye yake, bisa kuskure ya kashe na dama mai lafiya, shikenan suka faɗa teku, mutum 30 duka suka rasu, Allah sarki. Ni dai ban ɗora wa matuƙin shi kaɗai, ina waɗanda suka bari jirgi mai matsala ya tashi?