Kuɗin ƙaramar hukuma: a karanta lissafin a gaban masu shi

A jihar Ilinoi ta Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Dixon, mutanensa ba su wuce 16,000 ba. Daga 1983 zuwa 2012 wata mata, Rita Crundwell, ce ta riƙe kuɗin hukumar garin. Ita ce ma'aji, ita ce kuma mai kula da littattafan lissafi. A can ta tashi, tun tana ɗalibar sakandare ta fara aiki a ofishin, kowa ya san ta, kowa ya yarda da ita. A 1990 ta buɗe wani asusu a banki da sunan hukumar, wanda ita kaɗai ta san da zamansa. Shekara 22 tana karkatar da kuɗin jama'a zuwa cikinsa, har suka haura dala miliyan 53. Ta tara dawaki kusan 400 tana kai su gasa. A daidai wannan lokacin titunan garin na farfashewa, ma'aikata na shekaru babu ƙarin albashi, in an tambaya sai ta ce gwamnatin jiha ce ba ta sako kason garin da wuri ba. Kowace shekara kuma masu binciken kuɗi na zuwa, su duba takardu, su sa hannu, su tafi.

Asirinta bai tonu ba sai a 2011, da ta tafi dogon hutu. Ma'aikaciyar da ta riƙe mata aiki ta nemi banki ya aiko da bayanan dukkan asusun hukumar, sai ga wani asusu da ba a taɓa jin labarinsa ba. An kama Crundwell a 2012, aka yanke mata ɗaurin shekara 19 da wata 7 a 2013.

Na fara da wannan labari ne saboda wata magana da muke yawan faɗa ba tare da mun auna ta ba, wato tunda ƙaramar hukuma ce mafi kusa da talaka, ita ce za ta fi jin tsoronsa. Da haka ne, da mutanen Dixon sun kama matar nan tun shekarar farko. Kusanci kan zo da nasa ciwon. Wanda ke riƙe da kuɗin maƙwabcinka ne, ko surukin yayanka, ko wanda ya sa baki aka ɗauki ɗanka aiki. Nauyin ido ba zai bar ka ka miƙe a taro ka ce masa ina rasit ba. Manyan jaridu kuma hankalinsu na kan fadar shugaban ƙasa da majalisar tarayya, da wuya ka ga ɗan jarida a zaman kansiloli. Sai ya zama wurin da ake kashe kuɗin asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare da magudanar ruwa da kwashe shara shi ne wurin da ido ya fi ƙaranci.

Kuma kuɗin nan na mutane ne. Wasu kan ɗauka tunda yawancinsa daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, kamar kyauta ce aka yi wa shugaban ƙaramar hukuma, in ya gina rijiya ya yi alheri, a je a yi masa godiya. Duk wanda ya sayi wani abu da aka ɗora wa haraji, ko aka yanki wani abu daga albashinsa, ko ya biya kuɗin rumfa ko na lasisi, da guminsa a cikin wannan asusu. Arzikin ƙasa da ake sayarwa a raba ma nasa ne. Ai mai kaya ba ya roƙon a nuna masa kayansa.

To me ke hana yin sama da faɗi da irin wannan kuɗi? An gwada dabaru a ƙasashe da dama, an kuma auna sakamakon wasu, saboda haka ba sai mun yi ta hasashe ba.

A 1996 aka bi sawun wani kuɗi da gwamnatin Yuganda ke aika wa makarantun firamare ta hannun hukumomin gundumomi, gwargwadon yawan ɗaliban kowace makaranta. Aka gano cewa daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin 100 ne kacal ke isa makarantun, da yawa ma ba su taɓa ganin ko sisi ba. Iyaye da malamai ba su yi ƙorafi ba don ba su ma san akwai kuɗin ba. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu wata-wata, ta kuma umarci makarantu su riƙa manna abin da suka karɓa inda kowa zai gani. Da aka sake aunawa a 2001, abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a harkar ilimi a tsakanin, don haka ba za a ba jarida ladan duka ba. Amma masu binciken, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun lura cewa makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙarin. Shugaban makarantar da ya san nawa aka aiko ba a sallamarsa da "ba a sako ba tukuna".

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Rajastan a Indiya. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar leburori da manoma, MKSS, ta fara neman kwafin takardun ayyukan gwamnati na ƙauyuka, sannan ta tara jama'a a fili a karanta da ƙarfi. Ka kwatanta yadda abin yake. Mutum ya miƙe da takarda a hannu yana kiran sunayen waɗanda aka rubuta an biya kuɗin aikin hanya. Ya kira wani suna, sai wata tsohuwa ta ce ai wannan ya rasu tun kafin a fara aikin. Ya kira wani, a ce ya yi ƙaura tuntuni. Ya karanta cewa wane ya yi kwana talatin an biya shi cif, sai mai sunan ya ce kwana goma ya yi, kuma rabin kuɗin aka ba shi. A karanta cewa an sayi siminti kaza an kammala gini, alhali ga kangon can kowa na gani, ko rufi babu. Odita da ke zaune a ofis ba shi da hanyar sanin wanda ya mutu da wanda ke raye, muddin an dangwala yatsa a gaban sunan, takarda ta cika. Mutanen ƙauyen sun sani, ko da ba su iya karatu ba. Takensu shi ne kuɗinmu ne, lissafinmu ne, kuma wannan gwagwarmaya na cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005.

Sai dai kada a ɗauka da an tara jama'a magana ta ƙare. Wani masanin tattalin arziki, Benjamin Olken, ya bi ayyukan hanya a ƙauyuka 608 na Indonesiya. Bayan an gama kowace hanya sai ya tura injiniyoyi su haƙa ta a wurare daban-daban, su ciro abin da ke ciki, su auna yawan dutse da yashi da tsakuwa, su tambayi masu sayar da kayan farashi, sannan a kwatanta da abin da aka rubuta an kashe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. A wasu ƙauyukan an ƙara gayyatar jama'a zuwa tarukan bayar da bahasi, amma hakan bai rage satar sosai ba. A wasu kuma an sanar tun kafin a fara aiki cewa lallai masu bincike na gwamnati za su zo, kuma za a karanta sakamakon a gaban jama'a. A nan ne ɓatan kuɗin ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100 na kuɗin aikin. Dalilin a fili yake. Talaka ya san an cuce shi a ladan aikinsa, amma ba zai iya sanin kaurin tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba sai damina ta tona. Ga kuma masu faɗa-a-ji da ke iya mamaye taro su hana kowa magana. Dole a samu wani daga waje, wanda ba ya cin abincin shugaban, ya zo da ma'auni.

Burazil ta haɗa biyun. Daga 2003 gwamnatin tarayya ta fara zaɓar ƙananan hukumomin da za a bincika ta hanyar ƙuri'a, a bainar jama'a, yadda babu wanda zai ce an tsangwame shi don siyasa, babu kuma wanda zai kwana da tabbacin ba za a zo kansa ba. Ana buga rahoton don kowa ya gani. Claudio Ferraz da Frederico Finan sun duba zaɓen 2004, suka ga magadan garin da aka bayyana almundahanarsu kafin zaɓe sun fi faɗuwa, kuma faɗuwar ta fi tsanani a garuruwan da ke da gidan rediyo nasu. Rahoto a cikin durowa ba ya kayar da kowa, sai an samu mai karanta shi da harshen da mutane ke ji.

Masu riƙe da ofis suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba, albashi kaɗai ya cinye shi, ga ƙarancin ƙwararrun akantoci, in aka ƙara musu takardun cikewa aikin ma tsayawa zai yi. Na yarda ƙananan hukumomi da yawa a duniya na fama da nauyin da ya fi ƙarfin aljihunsu. Na kuma yarda ba duk kuɗin da ya salwanta ne aka sace ba, wani rashin iya aiki ne. A Satumban 2023 hukumar birnin Bamingam na Ingila ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, kuma manyan dalilan su ne bashin bambancin albashi tsakanin mata da maza da wata manhajar kwamfuta da ta lashe kuɗi fiye da yadda aka tsara. Amma ga mai biyan haraji, da sata da sakaci duk ɗakin karatu ɗaya suke rufewa. In kuwa da gaske kuɗin kaɗan ne, shugaban da ke da gaskiya shi ya fi kowa buƙatar a ga lissafin, don shi ne zai wanke shi daga zargi. Manna takarda ɗaya a ƙofar ofis kowane wata, mai nuna abin da ya shigo da abin da aka biya da wanda aka biya, ba ya buƙatar akanta goma.

Ingilar ma akwai darasi a cikinta. Tun 2010 aka buƙaci hukumominta su riƙa wallafa duk kuɗin da suka kashe da ya haura fam 500, kuma doka ta ba jama'a kwanaki a kowace shekara su je su duba littattafan. Amma a 2015 aka rufe hukumar da ke kula da binciken kuɗin ƙananan hukumomi, aikin ya koma hannun kamfanoni, sai bincike ya yi ta taruwa har ya kai kashi ɗaya cikin 100 ne kawai na lissafin shekarar 2022 zuwa 2023 aka tantance a kan lokaci. Zuba dubban lambobi a intanet ba tare da mai tantance su ba bai hana wasu hukumomin durƙushewa ba. A Afirka ta Kudu kuma binciken na nan daram, duk shekara babban mai binciken kuɗi na fitar da rahoto kan hukumomi 257, amma 34 ne kawai suka fita tsaf a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, kuma sau da yawa laifuffukan bara ne ake sake karantawa bana. Rahoton da babu hukunci a bayansa, tun ana jin kunyarsa har a saba.

Shi ya sa nake ganin muhawarar 'yancin ƙananan hukumomi rabin zance ce. A Najeriya, ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, gwamnoni su cire hannu, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai ke da haƙƙin karɓa. Hukunci ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma Rita Crundwell babu gwamnan da ya tare mata hanya, 'yancinta cikakke ne. In an raba kura da ajiyar nama, sai a duba wa aka miƙa wa, da kuma wanda zai riƙa ƙirgawa.

Abubuwan da zan so a fara da su ba masu tsada ba ne. Kada mutum ɗaya ya zama shi ke amincewa da biya, shi ke sa hannu a cak, shi ke karɓar takardar banki. A tilasta wa mai riƙe da kuɗi tafiya hutu kowace shekara wani ya zauna a kujerarsa. Kowane aiki a kafa masa allo mai sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar kammalawa, don mai wucewa ya iya kwatanta abin da aka rubuta da abin da idonsa ke gani. Mai binciken kuɗi kuma kada albashinsa da ƙarin girmansa su kasance a hannun wanda yake bincika. Kansiloli su tuna an zaɓe su ne su tsare asusun, duk wanda ya karɓi kwangila daga hannun shugaban ya sayar da bakinsa.

Sai kuma ƙaramin ma'aikacin da ke fara ganin ɓarnar, wanda mun cika mantawa da shi. Kusan kullum akwai shi: akawun da aka ba takardar biyan aikin da ya san ba a yi ba, ko mai tsara albashi da ke ganin sunayen da bai taɓa ganin masu su ba. Yana da iyali, kuma shugaban da zai kai ƙararsa shi ne ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Ma'aikaciyar Dixon ta kai maganar ga magajin gari, shi kuma ya kira FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sannan ta shafe kusan wata shida tana aiki ofis ɗaya da matar, bakinta a rufe, har aka gama tattara hujja. Ta samu wanda ya saurare ta. A wurare da yawa irinta canjin wurin aiki ake yi mata zuwa can ƙurya, ko a tsayar da albashinta har ta zo ta ba da haƙuri. Ya kamata doka ta tanadar wa irin wannan ma'aikaci ofishin da zai kai rahoto a wajen ƙaramar hukumar, a ɓoye sunansa, kuma duk shugaban da ya taɓa aikinsa saboda ya yi magana a gurfanar da shi.