Makarantar kiɗan yaranmu ta gaji da zaman haya

Jama'a, ku yi mini haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na taya malamin kiɗan 'yata kwashe kaya daga shagon da suke karatu a nan Jos. Mai gida ya ba da notis, wai ya sami mai biya ninki biyu, za a mayar da wurin sito. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Amma wannan ne tashi na uku tun da na sa yarinyar a makarantar, kuma kowane tashi sai an yi asara. A wannan karon, muna cikin loda kaya a Keke Napep hadari ya taso, irin ruwan Jos da ba ya sallama. Kafin mu rufa leda, kalangu biyu sun jiƙe, fatar ta saki. Malam ya ɗauki ɗaya, ya matse tsarkiyar a hammata, ya ɗan taɓa da makaɗi, sai wani sauti ya fito kamar an buga katifa. Bai ce komai ba. Goge fatar kawai ya yi da gefen rigarsa. Yaran da suka zo taya aiki suka yi tsuru-tsuru suna kallonsa.

Saboda haka ne iyayen yara muka kafa gidauniya don sayen fili da gina wa makarantar wurin kanta, kuma ina goyon bayan wannan aiki da zuciya ɗaya.

A da, kiɗa a ƙasar Hausa gado ne. Ɗan makaɗi yana tashi yana bin mahaifinsa, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, a hankali a miƙa masa ɗan ƙaramin kalangu. Gidan sarkin makaɗa shi ne makarantar, fada da gidan biki su ne wurin jarrabawa. Haka aka samu masu kotso da taushi da jauje, haka masu algaita da kakaki suka riƙe sana'arsu. Yanzu wannan hanya ta tsinke a gidaje da yawa. 'Ya'yan makaɗa sun tafi boko, sun shiga kasuwa, wasu ma ba sa so a ce musu 'ya'yan maroƙa. A gidan biki DJ ya karɓe fage, a situdiyo kuma fiyano guda yana kwaikwayon kalangu da sarewa duka. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya namu na Jos a 2015. Muna da muryoyinsu a waya, Alhamdu lillahi. Amma ku gaya mini, yara nawa ne a garin nan za su iya haɗa kuntigi daga gwangwani da fata, su ɗaure tsarkiyarsa, su kaɗa? Abin da ke hannu sai hannu ya koya wa hannu, kuma hakan na bukatar ɗaki da tabarma da malami da zai zauna wuri ɗaya shekara da shekaru.

Wanda bai taɓa shiga ajin kiɗa ba zai ɗauka ko'ina ma ya isa. Ba haka ba ne. Fatar ganga ba ta son laima, goge da aka rufe da fatar guza aka ɗaura masa izgar doki ba ya son a riƙa jifa da shi daga mota zuwa mota. Akwai kundung ɗin Birom da wani dattijo ya ba makarantar kyauta, mai ƙahonnin shanu a jere a ƙarƙashin katakai, wanda duk lokacin da aka ɗaga shi sai an sake gyaran sautinsa. Sannan ga maƙwabta. A gidan haya ba ka da ikon toshe bango don rage ƙara, ba ka da ikon fasa taga, kullum kana cikin ba da haƙuri. Mai gida na biyu ma ƙorafin maƙwabta ne ya sa ya sallame su.

Amma babban dalilina ya shafi Jos kanta. Duk wanda ya zauna a garin nan tun rikicin 2001, ya ga na 2008 da na 2010, ya san yadda unguwanni suka rabu. Akwai yaran da aka haifa suka girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da yaron wancan ɓangaren ba. A wannan ɗan shagon na ga 'yata, da hijabinta, tana koya wa wata yarinya 'yar mawaƙan coci yadda ake kaɗa shantu, ita kuma tana nuna mata yadda ake karanta alamomin waƙa a takarda. Ba taron zaman lafiya aka kira ba, babu wanda ya yi musu lacca. Matsalar ita ce duk lokacin da makaranta ta tashi, sai an yi sa'a kafin a sami wurin da iyayen ɓangarori biyu za su yarda su tura 'ya'yansu da yamma. Tashin da aka yi na biyu ya kai su can cikin unguwa, sai kusan duk yaran ɓangare ɗaya suka daina zuwa. Shi ya sa kwamiti ya nace sai fili a bakin babban titi, inda kowa zai sauka daga mota hankalinsa kwance, ko da ya fi tsada.

Na san akwai waɗanda a fahimtarsu ta addini ba sa son kiɗa. Ina girmama su, ban zo jayayya ba, kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Maganata da ku ce, ku da kuke liƙi a gidan biki har takardun kuɗi su rufe ƙasa, ku da motarku ba ta tashi sai da waƙar Ɗanƙwairo ko Shata. Muna son kiɗan, amma ba ma son mu san inda makaɗi ya koya ko inda yake kwana. Wannan hali yana damuna ƙwarai.

Akwai kuma mai cewa ana fama da tsadar abinci, wa yake ta kalangu? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsanani. To amma kuɗin hayar nan da ake tarawa duk shekara daga aljihun iyayen da ke fama ɗin yake fitowa, ya tafi ba ya dawowa. Kuma yaron da ya ƙware a kiɗa sana'a ya samu, a gidan rediyo, a situdiyo, a coci, a fada, a wurin biki.

Wasu sun riga mu. A Legas ƙungiyar bunƙasa kiɗa ta Nijeriya, wato MUSON, da aka kafa a 1983, tana da cibiyarta a Onikan, har manyan ɗakunan taronta na ɗauke da sunayen Shell da Agip saboda gudummawarsu. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989, inda aka adana kayan kiɗan gargajiyar Nijar. Mu ɗakuna uku muke nema da sito mara yoyo da ban ɗaki.

Maganar amana kuwa, dole a yi ta a fili, don mutanenmu sun sha ganin an ƙaddamar da gidauniya an ci an sha, daga nan shiru. Na faɗa a taron iyaye, ina kuma maimaitawa: kada a sayi fili da sunan mutum ɗaya, ko da Malam ne. A yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, takardar mallaka ta fito da sunan makaranta, asusun banki ya zama sai da sa hannun mutum fiye da ɗaya, kuma duk wata a liƙa lissafin shiga da fita kowa ya gani. An amince da haka, shi ya sa na sa sunana.

Wanda ba shi da kuɗi, buhun siminti gudummawa ne, bulo goma gudummawa ne, birkila ko kafinta da zai ba da yini guda shi ma ya yi nasa. Wata uwa mai sayar da ƙosai ta ce kwasarta ta adashin wata mai zuwa ta makaranta ce.

A yanzu kayan suna zauren gidana. Na ɗora kundung a kan benci biyu saboda sanyin siminti, kalangun da suka jiƙe kuma suna rataye a ƙusa suna jiran sabuwar fata. Ranar Asabar bayan la'asar yaran za su zo su yi darasi a tsakar gida, in ruwa ya bari. Duk mai son ya gani da idonsa kafin ya ba da ko sisi, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan yi masa kwatance.