Zanen masaƙi ya burge mu, masaƙin kuwa mun raina shi

'Yan uwa, wani zane na gani da ya hana ni sakat. Dattijo ne zaune yana saƙa, ƙafafunsa a kan matakai, ƙoshiya a hannun dama za ta ratsa zare, goshinsa duk gumi. Mai zanen har tsagewar fatar yatsunsa bai bari ba. Jama'a sai masha Allah ake ta yi.

To, tsakani da Allah, da wannan dattijon zai fito daga cikin zanen ya yi sallama a ƙofarka yana nema wa ɗansa auren 'yarka, wane kallo za ka yi masa?

Nan ne ciwonmu yake. Muna son kayan hannu, muna ƙyamar hannun da ya yi shi. Mutum ya shafe kwanaki yana jera zare ɗaya bayan ɗaya, bayansa ya ƙage, kai kuma ka zo kana taya masa kamar tsinto kayan ya yi. A babban kanti ko uffan ba ka cewa, sai ka biya. Wani kuma da gumin sana'a aka yi masa karatu, yau a tambaye shi aikin babansa sai ya hau kame-kame. Haba ɗan uwa!

Wa muka fi? Annabi Dawud (AS), da sarautarsa da komai, sulke yake ƙerawa. Duba aya ta 80 a Suratul Anbiya. Manzon Allah (SAW) ya ce babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma da Dawud ɗin ya ba da misali. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Uwar muminai Zainab bint Jahsh jima take yi da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu.

Kai kuma matashi, da ka gwammace ka kwana kana tura saƙon "a taimaka" a waya da a gan ka da datti a riga, wallahi ina tausaya maka. Ɗaukar igiya a yo itace a sayar ya fi roƙo, hadisi ne ingantacce, ka sha jin sa.

Don Allah mu ji tsoron Allah. Ku biya ma'aikaci haƙƙinsa ba ja-in-ja. Ku daina kiran sana'ar mutum da sigar zagi, musamman a gaban 'ya'yansa. Don Allah ku daina.